Saɓani Suka Yi

Tambaya ta shida ce, kuma ni na tsara ta da hannuna a daren da ya rage kwana ɗaya a rufe karɓar tambayoyin jarrabawar zango na biyu. Yanzu da na ajiye aiki bayan shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi a wata sakandare a cikin birnin Katsina, abokan aiki sun matsa in rubuta abin da masu zuwa za su amfana da shi, amma duk lokacin da na zauna da wannan niyya sai in ga alƙalami ya karkata ya koma kan wannan tambaya. Saboda haka na ƙyale shi ya bi inda yake so. Duk wanda ya taɓa koyar da Lissafi Mai Zurfi ga 'yan aji biyu na babbar sakandare ya san babin da nake nufi, wato inda bekta, adadin da ke da girma da alƙibla, take daina zama kibiyar da ake zanawa a allo, ta koma bayanin abin da ke tafiya.

Ga yadda tambayar take. Mai babur ya tashi daga wurin da muka ɗauka a matsayin mafari, kowane sakan yana matsawa mita 8 gabas da mita 6 arewa, wato bektar gudunsa (8, 6), don haka bayan sakan t yana nan a x = 8t, y = 6t, inda x yake nisansa gabas, y kuma nisansa arewa. A daidai wannan lokaci wata mota ta tashi daga mita 100 gabas da mita 12 arewa da mafarin, kowane sakan tana komawa mita 5 yamma tana ƙara mita 12 arewa, wato x = 100 − 5t, y = 12 + 12t. Kashi na farko ya nemi saurin kowanne, kuma da gangan na zaɓi lambobin da za su fita tas da ƙa'idar Fitagoras: babur yana cin mita 10 a sakan, wato kilomita 36 a awa, mota kuma mita 13 a sakan, kusan kilomita 47 a awa. Kashi na biyu, mai maki goma, shi ne ya ce a nuna ko za su yi karo, in kuma za su yi, a faɗi wurin.

A takardar amsoshin da na shirya wa masu duba jarrabawa, na yi abin da hannuna ya saba yi tun ina ɗalibi, wato na kawar da t. Daga ikweshan ɗin babur na fitar da y = 0.75x, daga na mota na fitar da y = 252 − 2.4x, na daidaita su, na sami x = 80, y = 60. Lambobin sun yi kyau, ba ragowa ba gutsure, kuma kyawunsu ne ya rufe mini ido. Na rubuta cewa za su yi karo a (80, 60), na raba makin mataki-mataki, na sa hannu. Washegari shugaban sashe, wanda aikinsa ne ya tantance kowace tambaya kafin a buga, ya juya shafukan yana amsa waya, ya sa nasa hannun da koren biro a ƙarƙashin nawa.

Wannan jarrabawa ba ta zango ba ce kawai, domin da sakamakonta za a zaɓi ɗalibai uku da za su wakilci makaranta a wata gasar lissafi. Mafi yawan waɗanda suka taɓa tambayar sun bi hanyar da na koya musu, sun kawar da t, sun sami (80, 60), sun kwashe makinsu goma. Ɗaliba ɗaya ce tak ta yi wani abu dabam. Ita ma ta sami (80, 60), amma ba ta tsaya nan ba, sai ta koma ta tambayi kowanne yaushe ya isa. Babur yana bukatar 8t = 80, wato sakan 10. Mota kuwa 100 − 5t = 80, wato sakan 4. Ta rubuta a ƙasa cewa ba za su yi karo ba, ta ja layi biyu. Ni kuwa, da na zo kan takardarta cikin tarin takardu da zafin Maris, idona bai karanta aikin ba, amsar ƙarshe kawai ya nema, da ya ga ta saɓa wa tawa sai na ja jan layi a kan shafin gaba ɗaya, na ba ta sifili a kashin. Ta zo ta huɗu, tazarar maki biyar tsakaninta da na uku.

Ranar da aka mayar da takardu, bayan an tashi, ta zo ƙofar ofishin malamai ta tsaya daga waje, takardar a naɗe cikin hijabinta, sai da aka ce ta shigo sannan ta shigo ta rusuna ta gaida kowa. Ta ce, "Malam, don Allah a sake duba mini ta shida." Na ce na duba, amsar ba daidai ba ce. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce cikin muryar da da ƙyar ake ji, "Malam, ai ba karo suka yi ba, saɓani suka yi. Motar ta wuce wurin da sakan shida kafin mai babur ya iso." Akwai malamai huɗu ko biyar a ofishin, wani ma ya ɗago kai daga rajistarsa yana murmushi, kuma wannan murmushin ne na amsa wa, ba maganar yarinyar ba. Na ce mata, "To, yau kuma ke za ki koya mini lissafi?" Ta ce, "A'a, Malam, a yi haƙuri." Ta naɗe takardarta ta fita.

Kalmar da ta faɗa ce ta hana ni sakat. Kowane Bahaushe ya san saɓani. Ka tashi daga Ƙofar Ƙaura za ka gaida ɗan'uwanka a Ƙofar Marusa, shi kuma ya taso zai zo wurinka, ka isa a ce maka yanzu ya fita, ka dawo gida a ce maka yanzu ya tafi. Mai yiwuwa kun taka shataletale ɗaya, ƙafarka ta sauka inda tasa ta sauka, amma ba ku ga juna ba, domin wuri ɗaya ba ya haɗa mutane sai lokaci ma ya zama ɗaya. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta san wannan. Bayan sallar isha'i na ɗauko takarda na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na daidaita x da x, y da y, da t guda ɗaya. Na farko ya ba ni 8t = 100 − 5t, wato t kusan 7.7. Na biyu ya ba ni 6t = 12 + 12t, wato t = −2. Babu wani lokaci guda da zai gamsar da su biyun, ɗaya daga cikinsu ma yana bayan fara tafiyar ne ta baya, sakan biyu kafin kowa ya motsa. A sakan 4, lokacin da mota take kan (80, 60), mai babur yana (32, 24), saura masa mita 60 cif. A sakan 10, da ya iso, mota ta yi nisa tana (50, 132). Yarinyar ta yi daidai a kowane layi, ni da sauran ajin gaba ɗaya muka yi kuskure, kuma su ni na koya musu.

Na daɗe ina tunanin inda kuskuren ya samo asali, domin ba rashin sani ba ne, ɗabi'a ce. Tun daga ƙananan azuzuwa muna horar da yara a kan lissafin zane irin wanda ake danganta wa Dekart na Faransa tun 1637, inda layi yake tsaye cik a kan takarda, y a gefe ɗaya, x a ɗaya gefen, kuma tambayar kullum ita ce a ina layi biyu suka haɗu. Da muka zo kan ikweshan mai farameta, wato wanda x da y duka suke dogara da t, sai muka gabatar da t tamkar baƙon da ya shigo ba sallama, wanda aikin ɗalibi shi ne ya raka shi waje da wuri don a koma ga y da x da aka saba. Amma a lissafin tafiya t shi ne agogo. In ka kawar da shi, abin da ya rage maka sawu ne a kan yashi: ka san inda aka bi, ba ka san yaushe ba, ba ka san da wane sauri ba, ba ka ma san ko tafiya aka yi ko dawowa ba. Ɗauki x = 8t, y = 6t, da x = 16t, y = 12t, da kuma x = 80 − 8t, y = 60 − 6t. Duka ukun in an cire t suna komawa y = 0.75x, alhali na farko babur ɗinmu ne, na biyu yana gudu ninki biyu, na uku kuwa tahowa yake yi daga ɗaya ɓangaren. Na farko da na uku za su yi taho-mu-gama a sakan 5 a (40, 30), na farko da na biyu kuwa sun rabu tun daga mafari ba za su sake haɗuwa ba, amma a kan takardar giraf layi ɗaya ne ba bambanci. Tambaya biyu ce ashe, ba ɗaya ba. Mai son sanin ko hanyoyi sun gitta juna sai ya ba kowane matafiyi agogonsa, t ga wannan, s ga wancan. Mai son sanin ko za a yi karo dole ya ɗora su a kan agogo guda. Ni na yi tambaya ta biyu, na amsa ta farko.

Da safe kafin taron asambuli na sami shugaban sashe a ofishinsa. Na shimfiɗa masa aikin a kan tebur, na ce, "Ranka shi daɗe, kuskure muka yi a ta shida, yarinyar nan ita ce da gaskiya. In aka gyara, ita ce ta ɗaya ko ta biyu." Bai dubi lissafin ba. Abin da ya kama a maganata shi ne kalmar "muka". Ya ce, "Malam, wa da wa? Kai ka tsara tambayarka." Na ce haka ne, ni na tsara, kuma na ɗauki laifin, abin da nake roƙo kawai a sake lissafa makin kowa a wannan kashi kafin a tura sunaye. Ya ce bakin alƙalami ya riga ya bushe, sunaye sun tafi tun jiya. A lokacin da yake faɗin haka ambulan ɗin tana kan teburinsa, a ƙarƙashin filas ɗin shayi, ba a ko liƙe bakinta ba, kuma ina hango kan takardar makaranta ta ciki. Na kalli ambulan ɗin, ya ga na kalla, bai ɗauke filas ɗin ba. Ba zan ce kome ba game da ko ɗan wane ne yaron da ya zo na uku, domin yaron bai yi laifin kome ba, abin da malaminsa ya koya masa ya rubuta.

Mutumin nan ba ya yin jawabi a ranar rabon kyaututtuka ba tare da ya ambaci Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi ba, malamin Katsina da ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732 ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, yana cewa lissafi gadonmu ne, mu riƙe shi da amana. Na sha tafa masa. Amma layi huɗu na lissafi da za su mayar wa yarinya haƙƙinta bai ga zai iya karantawa ba.

Abin da ya rage a hannuna shi ne ajina, don haka a darasi na gaba na rubuta tambayar a allo, na warware ta yadda na yi a takardar amsoshi, sannan na ce wa ajin wannan aikin malaminku ne kuma ba daidai ba ne, na kira yarinyar na miƙa mata alli. Hannunta yana rawa ta rubuta sakan 10 da sakan 4, ta koma ta zauna. Na ba ta haƙuri a gaban kowa, tunda a gaban mutane na yarfa ta. Labari ya kai ofis kafin a tashi. A taron malamai na ƙarshen zango shugaban sashe ya miƙe ya yi dogon bayani a kan malaman da ba sa duba aikinsu kafin su kawo, da waɗanda ke zubar da girman malanta a gaban yara, bai kama suna ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Koren biron da ke ƙasan takardar bai shigo cikin jawabin ba. Shekara biyu a jere bayan haka aka karɓe mini Lissafi Mai Zurfi aka ba ni ƙananan azuzuwa, sai da aka rasa mai ɗauka sannan aka dawo mini da shi, ba tare da an ce uffan ba.

Da ya dawo hannuna ban sake koyar da babin daga allo ba. Nakan fita da yara filin ƙwallo da sassafe, mu auna da tef, mu raba kowane tsawo da goma, mu zuba toka mu ja layi biyu: na babur mai tsawon mita 10 zuwa mahaɗa, na mota mai mita 5.2 zuwa wurin. Ɗalibi ɗaya ya tsaya gefe yana tafi, kowane tafi sakan ɗaya ne, biyu kuma su yi tafiyar, mai babur mita ɗaya a kowane tafi, mai mota mita 1.3, kowannensu yana ajiye dutse mai lamba a inda tafin ya same shi. In an gama sai mu taru a mahaɗa mu duba ƙasa. Duwatsu biyu ne a wurin, suna gogar juna, ɗaya an rubuta masa 4, ɗaya 10. Ban taɓa bukatar ƙara bayani bayan wannan ba. Gani ya kori ji. Daga nan sai in tambaye su me za a canza don a yi karon, kuma kullum akan sami wanda zai ce a tsayar da mota tafi shida kafin ta tashi, mu gwada, su yi kiciɓis a tafi na goma ana dariya. Wanda ya yi wannan da ƙafarsa, in ya koma aji ya ga t − 6 a cikin ikweshan ɗin mota, ya san abin da take nufi.

Abu na biyu da kuskuren ya tilasta mini koya da kyau, wanda a da nake bi ta kansa da sauri don a gama manhaja, shi ne duban tafiyar ɗaya daga kan ɗayan. Maimakon a bi abu biyu da ido, sai a zauna a kan babur a ɗauka shi ne a tsaye, a tambayi yadda motar take gani daga can. Ana debe bekta daga bekta ne kawai. Matsayin mota daga babur shi ne (100 − 13t, 12 + 6t), wato ta fara daga (100, 12) tana tafiya da (−13, 6). Karo yana nufin wannan bekta ta zama sifili, kuma kallo ɗaya ya isa a ga ba za ta zama ba, domin kashinta na arewa ya fara daga 12 yana ƙaruwa ne, ba raguwa ba. Da na yi wannan a daren da na tsara tambayar, da ban kai ga sa hannu ba. Daga nan kuma ake samun tambayar da ta fi ta karo amfani, wato yaya kusancinsu zai kai. In aka ninka kowane kashi da kansa aka haɗa, ana samun 205t² − 2456t + 10144, wato tazarar da ke tsakaninsu an ninka ta da kanta, wanda yake kai ƙarancinsa dab da sakan 6. A sakan 6 bektar ita ce (22, 48), tsawonta kusan mita 53. Ke nan ba su taɓa matsowa kusa da juna fiye da rabin tsawon filin ƙwallo ba, kuma lokacin da suka fi kusa ba sakan 4 ba ne, ba kuma sakan 10 ba, babu ɗayansu da yake kan mahaɗa a lokacin. Wannan yakan ba yara mamaki fiye da kome a babin.

Matuƙan jirgin ruwa sun daɗe da sanin wannan ba tare da x da y ba: in ka hango wani jirgi, kusurwar da kake ganinsa ba ta canzawa alhali yana ƙara girma a idonka, to kan hanyar karo kuke. A harshen bekta, gudunsa daga wurinka yana nuno ka kai tsaye. Nakan ce wa yara su lura da haka in suna cikin Keke Napep za a shiga mahaɗa, abin hawan da ke zamewa gaba ko baya a ganinsu zai wuce, wanda ya kafe a wuri ɗaya yana girma shi ne abin tsoro. Nakan kuma ba su labarin ranar 10 ga Fabrairun 2009, da tauraron ɗan'adam na sadarwa Iridium 33 ya yi karo da mataccen tauraron Rasha Kosmos 2251 a sararin samaniyar Saberiya, a tsayin kusan kilomita 790, da gudun da ya haura kilomita 11 a sakan tsakaninsu. Hanyoyin taurari da yawa suna gitta juna a can sama kullum ba abin da ke faruwa, domin saɓani suke yi. A irin wannan gudu, da ɗayansu ya makara da sakan ɗaya tak, da sun wuce juna da tazarar kilomitoci. A nan ne yara suke gane cewa t ɗin da suke gaggawar kawarwa shi ne dukan maganar.

Jifa ma ta wannan ƙofa na koma shigar da ita. Galileo na Italiya ya nuna a 1638 cewa abin da aka jefa tafiya biyu yake yi a lokaci guda, ɗaya a miƙe da sauri marar canzawa, ɗaya zuwa ƙasa da sauri mai ƙaruwa, kuma agogo ne kaɗai ya haɗa su. Nakan ce su ɗauka mutum biyu suna saman hasumiyar Gobarau, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 15, ɗaya ya saki dutse, ɗaya ya wurga nasa a miƙe da mita 10 a sakan. Kusan kowa yakan ce wanda aka saki ne zai riga sauka. Amma in an rubuta su da farameta, aka bar iska a gefe, y ɗinsu iri ɗaya ne, 15 − 4.9t², x ne kawai ya bambanta, sifili ga ɗaya, 10t ga ɗaya. Tare za su taɓa ƙasa bayan kusan sakan 1.75, ɗaya a gindin hasumiya, ɗaya kimanin mita 17 da rabi daga nan. Can wuri ɗaya ne lokaci dabam, nan kuma lokaci ɗaya ne wuri dabam, kuma yaron da ya riƙe misalan biyu tare ba ya sake rikita su.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Sauri lamba ce, gudu mai alƙibla bekta ce, kuma yaron da ya haɗa mita 10 da mita 13 ya ce 23 bai dubi inda kowanne ya dosa ba. In t ya fito da alamar ragi, a tambayi me yake nufi kafin a jefar da shi. Kada a haɗa kilomita a awa da mita a sakan a layi ɗaya. Amsar da ta fito tas ba ragowa ita ce ta fi bukatar a sake dubawa, musamman in kai ka ƙirƙiri tambayar daga amsar zuwa baya, kamar yadda na yi. In takardar ɗalibi ta saɓa wa taka, karanta aikin daga layin farko, domin takardar amsoshi mutum ne ya rubuta ta da dare. Wanda kuma aka ɗora wa tantance tambayoyi, ya warware su da hannunsa kafin ya sa hannu, ko kuwa ya bar wa wanda zai iya, tunda sa hannu ba ado ba ne. Na san laifi tudu ne, kuma nawa na fara takawa a wannan rubutu kafin in hango na wani.

Yarinyar ba ta je gasar ba, kuma ba ni da hanyar mayar mata da wannan. Ta ci Lissafi Mai Zurfi a jarrabawar WAEC da sakamakon da ban yi mamakinsa ba, ta wuce jami'a. Sau ɗaya muka haɗu bayan haka, a wajen wani ɗaurin aure, ta rusuna ta gaishe ni kamar yadda ta yi a ƙofar ofis, ta tambayi iyali, ba ta ta da maganar ba, ni ma ban iya tayarwa ba. A iyakar abin da na gani a takardun da na duba, daga shekarar da muka fara fita fili ba a sake samun ɗalibina da ya ce an yi karo don kawai layi biyu sun haɗu ba, kuma malamai biyu daga wasu makarantu sun zo sun kalli darasin toka da duwatsu sun tafi da shi. Ba a taɓa ambaton wannan a taron malamai ba.

A makon jiya na miƙa wa matashin da zai gaje ni fayil ɗin babin. Akwai tsarin darasi a ciki, da ma'aunan filin, da jakar leda mai duwatsu ashirin da biyu waɗanda lambobinsu suka fara gogewa, na ce masa ya sake bin su da fenti kafin zango na biyu. Tambaya ta shida tana shafin farko tare da amsarta ta gaskiya. A bayanta na maƙala tsohuwar takardar amsoshin kamar yadda take, da (80, 60) ɗinta, da sa hannuna, da koren biron a ƙarƙashinsa. Ya juya ta, ya karanta, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan a cire ta ne?" Na ce masa ya bar ta a inda take.